In ba ka yi, ba ni wuri

Wata gardama ta fara yawa a tsakanin matasanmu na Kano masu hangen ƙaro ilimi a fannin kasuwanci. Galibinsu sun gama digirin farko a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, sun yi wa ƙasa hidima, sun ɗan taɓa aiki a banki ko kamfanin sadarwa ko shagon mahaifinsu, yanzu kuma idonsu na kan MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, a Ingila, Faransa ko Amurka. Ga yadda abin yake zuwa. Makaranta ɗaya ta ba ka gurbi, ka amsa, har ka biya kuɗin kama wuri. Wata kuma, wadda ita ce ranka ya fi kwanta mata, ba ta ɗauke ka ba, ba ta kuma sallame ka ba. Cewa ta yi ka dakata a jerin masu jira, in wuri ya samu za ta neme ka. To, ya dace ka bar sunanka a can? In ta kira ka a watan Yuni ka tattara ka koma wurinta, ka ci amanar ta farko ko ba ka ci ba?

Ni dai a ganina ba ka ci amanar kowa ba. Sai dai masu kawo wannan tambaya sun cika damuwa da haƙƙin makaranta, alhali wanda ya fi cancanta a damu da shi wani ne daban da ba su taɓa ganin fuskarsa ba, wato mutumin da ke bayansu yana jiran kujerar da suke zaune a kai.

Sai an san yadda makarantun nan suke ɗaukar ɗalibai kafin a yanke hukunci. Manyan makarantun kasuwanci na Amurka zagaye-zagaye suke karɓar takardun nema. Na farko yakan rufe a Satumba, sakamako ya fito a Disamba. Na biyu ya rufe a farkon Janairu, a ji labari a Maris. Wasu suna da na uku wajen Afrilu, Harvard kuwa ta soke nata tun 2018, biyu kawai take yi. A kowane zagaye amsa uku ce: an ɗauke ka, ba a ɗauke ka ba, ko ka jira. Wanda aka ɗauka ana ba shi 'yan makonni ya biya kuɗin kama wuri, wanda a yawancin makarantu yakan tashi daga dala 1,000 ya yi sama, kuma a rubuce yake cewa in ka fasa ba a mayarwa. Karatu sai Agusta ko Satumba.

Jerin masu jira ba don tausayin ɗalibi aka ƙirƙiro shi ba. Kowace makaranta ta san ba duk wanda ta kira ne zai zo ba, tunda ɗalibin da ya isa yakan nemi makarantu huɗu ko biyar a shekara guda. Saboda haka takan ba da gurabe fiye da kujerun da take da su, ta ƙiyasta mutum nawa za su amsa, sannan ta ajiye wasu a gefe don cike giɓi in ƙiyasin ya kuskure. Shi ma kuɗin kama wuri an sanya shi ne don an san wasu za su fasa, aka yanke wa fasawar farashi tun kafin ta faru. Makarantar da kake jin nauyin bari ita ma tana da nata jerin, kuma ranar da ta kira wani daga cikinsa a watan Yuni ta sani sarai ya riga ya biya kuɗi a wani wuri, don babu mai hankalin da zai zauna jiran gawon shanu har damina ta yi nisa bai kama komai ba. Takan karɓe shi hannu bibbiyu, ba ta tambayar wa ya baro. A matakin digirin farko ma, ƙungiyar jami'an ɗaukar ɗalibai ta Amurka ta daɗe da ƙa'idar da ta hana kwaleji zawarcin ɗalibin da ya riga ya amsa wa wata bayan 1 ga Mayu. A 2019 ta cire ƙa'idar, bayan ma'aikatar shari'a ta ƙasar ta matsa mata lamba cewa hakan tauye gasa ne. Su masu abin, kasuwa suka ɗauke shi.

Na ga wannan gardama ido da ido a gidan yayana, wanda ya tsufa yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Ɗansa ya samu gurbi a wata makaranta a Ingila, aka haɗa kuɗi aka biya, sai ga saƙo daga wata ta Faransa da ta ajiye shi a jira, tana tambayar ko har yanzu yana da sha'awa. Bayan sallar isha'i yaron ya kawo maganar, muna zaune kan tabarma a tsakar gida, yana ta murza waya a hannu kamar ita za ta yi masa bayanin. Uban bai bari ya kai aya ba.

"Ba ka ce wa mutanen farko kana tafe ba?"

"Na ce musu, Abba."

"To magana ta ƙare. Ni a kasuwa in na ce na saya, ko washegari dala ta faɗi sai na ɗauki kayana. Da wannan aka san ni, da shi nake karɓar kaya bashi ba takarda ba shaida."

Yaron ya juyo wurina ya ce, "Baffa, ka sa baki mana." Na ce, "Yaya, a ce baƙo ya zo daga Agadas ya ga bandir hamsin, ya ba ka kafin alƙalami, kuka yi da shi cewa in bai ɗauka ba zuwa Juma'a kuɗin ya zama naka, ka sayar wa wani. Sai ya fasa. Ya cuce ka?" Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Bai cuce ni ba in ya aiko da wuri ya ce ya fasa. Wanda yake cutata shi ne mai kashe waya, ni ina nan ina korar masu saye ina ce musu an saya."

Nan yayana ya taɓo inda gizo ke saƙar, ko da yake bai yarda ya sauka daga ra'ayinsa ba a daren.

Kada malamai su ce na yi gaba gaɗi. Cinikin da ake cinye kafin alƙalami in mai saye ya fasa, mazhabarmu ta Malikiyya ba ta yarda da shi ba. Hambalawa ne suka halatta, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta bi ra'ayin halattawar a zamanta na Brunei a 1993. Amma wannan saɓani yana kan ko wanda ya riƙe kuɗin ya ci halal ne. Ba ya mayar da ɗalibin da ya haƙura da kuɗinsa mayaudari. Abin da ya fi shafar ɗalibi wata ƙa'ida ce ta Malikiyyar kan alkawari: in ka yi wa mutum alkawari, ya dogara da shi har ya shiga wata ɗawainiya, to cikawa ta hau kanka. Da wannan ma'auni ya kamata a auna duk abin da mai jira yake yi, kuma da shi ne ake gane cewa zama a jerin ba laifi ba ne, amma akwai abubuwan da ake yi a cikin zaman waɗanda laifi ne tsagwaronsa.

Babba a cikinsu wasiƙa ce. Wanda aka ajiye a jira yakan aika wa makaranta sabon labarinsa: an ƙara masa girma a wurin aiki, ya sake zana GMAT, jarrabawar shiga makarantun kasuwanci, makinsa ya ɗaga, ya gama wani kwas. Wannan duk daidai ne matuƙar makarantar ta ce tana karɓa. Amma masu ba da shawara na kuɗi, waɗanda yanzu suka cika intanet, sukan ce ka ƙara da jimla ɗaya: ku ne zaɓina na farko, in kuka ɗauke ni zan zo. Wannan jimla ba ado ba ce, alkawari ce, kuma tana aiki ne daidai saboda jami'in da ke karantawa yana neman wanda ba zai ba shi kunya ba. In ka rubuta ta ga makarantu biyu, ɗaya ka yi mata ƙarya, ko ka sani ko ba ka san wacce ba tukuna. In ka rubuta aka tsallake wani aka ɗauke ka saboda ita, sannan ka ce ai ka sake tunani, to ka sa mutum ya dogara da maganarka ya yi asara. Kowane yaro da ya zauna a makarantar Islamiyya ya haddace alamomin munafuki uku, kuma babu inda aka ce ban da wanda ya yi alkawarin ta imel ko wanda ya yi wa Bature. Ana iya nuna sha'awa mai ƙarfi ba tare da an rantse ba. In kuwa tallafin karatu ne zai raba gardama, sai a faɗa ƙarara: zan zo in kuɗi ya samu.

Akwai kuma masu zaman ganin ƙwaƙwaf. Mutum ya yanke shawara, bizarsa ta fito, ya kama ɗaki, har ya yi sallama da abokan aiki, amma sunansa na nan a jerin wata makaranta. Ka tambaye shi ya ce so yake kawai ya ga ko za su ɗauke shi. Abin da yake nema hoton takardar ne da zai ɗora a Facebook ko LinkedIn, a ce wane makarantu biyar suka yi rububinsa. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Tambaya ɗaya ta ishe shi: in suka kira ka gobe, za ka tafi? In amsar a'a ce, cire sunanka yau.

Na uku su ne masu tauna taura biyu, waɗanda suke biyan kuɗin kama wuri a makarantu biyu su riƙe kujeru biyu har ƙarshen damina suna ruwan ido. Bambancinsu da mai jira a fili yake. Mai jira kujera ɗaya ce a hannunsa, ɗayar fata ce kawai. Wannan kuwa ya ce wa gida biyu yana tafe alhali jikinsa ɗaya ne, kuma wasu makarantun sun rubuta a sharuɗɗansu cewa ba su yarda da haka ba.

Duk waɗannan, makarantar ba ta jin jiki sosai. Makarantar da dubban mutane ke nema za ta cike kujerarta ko da ana gobe buɗe aji. Wanda yake kwana a ciki shi ne na baya, kuma a nan ne nake ganin mu 'yan Najeriya ya kamata mu fi kowa kula, domin a wurinmu lokaci shi ne komai. Ba'amurken da aka kira ranar 1 ga Agusta kayansa zai zuba a mota ya kama hanya. Bakano fa, a yadda tsarin yake a 2024? Sai makaranta ta aiko masa da takardar I-20 da ake neman bizar karatu da ita, kuma ba ta aikowa sai ya nuna shaidar kuɗin da zai riƙe shi shekara guda. Ya biya dala 350 na rajistar ɗaliban waje, ya biya dala 185 na biza, sannan ya shiga neman ranar ganawa a Abuja ko Legas, tunda a Kano ba a yi, a daidai lokacin da kowa ke nema. In Ingila ce, sai lambar CAS, shaidar makaranta cewa ta ɗauke shi, ta fito, sai kuɗin sun kwana 28 a jere a asusu ba su yi ƙasa ba, sai an yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi. Ga sanar da wurin aiki, ga neman dala ko fam, ga iyali da za a tsara wa zama. Kujerar da aka saki a watan Mayu kujera ce. Wadda aka saki a Agusta, a wurin ɗan Afirka, kamar ba a saki ba. Shi ya sa wasu makarantu suke sallamar 'yan ƙasashen waje daga jerin tun da wuri, su bar 'yan gida kawai.

Kada kuma ka ɗauka na bayan naka wani baƙo ne can a wata duniya. Galibi jerin nan ba shi da na ɗaya da na biyu. Makaranta aji take haɗawa, tana son injiniya da likita da soja, tana son mata da maza, tana son mutanen nahiyoyi daban-daban. In ma'aikacin banki daga Afirka ta Yamma ya fita, ba abin mamaki ba ne ta leƙa jerin ta nemi mai kama da shi. Mai yiwuwa wadda jinkirinka ya hana tafiya wata yarinya ce daga Kaduna ko Kumasi.

In akwai tallafin karatu a kan kujerar, nauyin ya ninka. Kujera ana iya cike ta a makare, amma kuɗin tallafi da ka riƙe har Yuli da wuya ya amfani wanda ya riga ya haƙura a Afrilu don ba shi da halin biya. Ko Chevening, shirin tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, tana da nata jerin 'yan ko-ta-kwana, masu jiran wani ya janye. Haka in kuɗin gwamnati ne, irin shirin da gwamnatin Kano ta farfaɗo da shi a 2023 na tura ɗalibai 1,001 digiri na biyu a waje: wanda ya san ba zai je ba ya kuma yi shiru, talakawan jiha ya cuta.

Akwai wani ɓangare da masu rubutu a kan wannan batu a Turai ba sa kawowa, don bai dame su ba. Suna cewa ai ka biya farashin fasawa, shi ke nan. To kuɗin wa ka biya? Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024. A wannan farashi, kuɗin kama wuri na dala 2,000 naira miliyan uku ne. Mafi ƙarancin albashi a Kano naira 71,000 ne, wato albashin shekara uku da rabi ke nan na ƙaramin ma'aikaci. A gidaje da yawa ba daga aljihun yaro kuɗin suka fito ba. Uwa ce ta sayar da sarƙarta ta gwal, kawu ya ba da rance, yaya ta ɗauki adashinta kafin lokaci. Wanda zai yi watsi da irin wannan kuɗi don ya koma makarantar da ta fi suna, ba Bature ya kamata ya fara ba haƙuri ba. Waɗanda suka haɗa kuɗin ya kamata ya zauna da su tun kafin ya amsa cewa zai ci gaba da jira, ya gaya musu abin da zai iya faruwa, su yarda ko su ƙi. A gidan yayana da haka aka rabu: uban ya ce a jira zuwa ƙarshen Mayu, in ba a ji komai ba a cire suna, in kuma aka ji, yaron ne zai biya kuɗin da aka yi asara daga albashinsa na farko, kuma a sanar da makarantar Ingila a ranar, ba washegari ba. Ban ga abin da zan ƙara a kan wannan hukunci ba.

Wannan lissafi ya kuma nuna wani abu mara daɗi. 'Yancin zama a jerin jira na mai hali ne. Ɗan mai kuɗi yana iya zubar da miliyan uku ya canja sheƙa, ɗan malamin firamare kuwa inda ya fara biya nan zai ƙare, ko da ya fi ƙoƙari. Su ma makarantun ba su wanku ba. Sukan karɓi kusan dala 250 kuɗin takardar nema kaɗai, su ajiye mutane da yawa fiye da waɗanda za su iya ɗauka, da yawansu kuma ba sa faɗa wa mai jira mutum nawa ne a jerin ko yaushe za a rufe. Wanda aka bari cikin wannan duhu ba a ce masa ya yi rashin kunya don ya kama wani wuri. Abin da ya rage masa shi ne ya yanka wa kansa ranar da makarantar ta ƙi yanka masa, ya lissafa baya daga ranar buɗe aji, ya cire makonnin biza, inda lissafin ya tsaya nan jiransa ya ƙare.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke yi da makarantunmu na gida. Da yawa cikin masu hangen waje sukan nemi gurbi a nan ma don ko-ta-kwana, a makarantar kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero, ko ta Legas da aka kafa tun 1991, ko wata jami'ar. Wannan dabara ce mai kyau, ba wanda zai ga laifinsu. Amma mutumin da zai zauna ya tsara wa Bature imel mai ladabi, da godiya da ban haƙuri, shi ne zai ga sunansa ya fito a jerin farko a gida, ya biya kuɗin amsa gurbi, bizarsa ta fito ya hau jirgi bai ce wa kowa ci kanka ba. Jami'a ba ta san kujerar ta zama fanko ba sai an rufe rajista. Kafin jerin na biyu ya fito an ci rabin zangon karatu, wanda aka kira a makare ya shigo yana aron littafin rubutu yana kwafa, ga jarrabawa ta ƙarato. A matakin digirin farko JAMB ta rage wannan tun 2017 da tsarin CAPS, inda ɗalibi yake danna amsa ko ƙi, in ya amsa wa jami'a ɗaya ƙofar sauran ta rufe. A matakin gaba da digiri babu irin wannan, kowace jami'a da nata tsarin, kuma ba mai sanin wanda ya riƙe gurbi a Kano da Zariya da Landan a lokaci guda.

Jami'o'inmu za su iya gyara rabin matsalar ba tare da kashe ko kwabo ba, in suka sanya ranar da duk wanda bai yi rajista ba gurbinsa ya faɗi, suka kuma fitar da jerin na biyu a makon, tun ba a fara darasi ba. Sauran rabin yana hannun mai tafiya. Takarda ce mai layi uku, da suna da lambar nema da cewa an janye, a kai ofishin makarantar gaba da digiri, a karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. In shi ba ya gari, ƙaninsa zai iya kaiwa a adaidaita sahu.